Tambayoyi da Amsoshi a Kan Ma'anar "Limber Up" da Yadda Ake Amfani da Shi a Turanci

Mai sauraron sharhin wasanni da Turanci, ko mai karanta jaridun Ingila, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da "limber up", kuma sau da yawa yakan wuce shi da zaton cewa wata hanya ce kawai ta faɗin "warm up". Zaton yana kusa da gaskiya, amma bai kai gare ta ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa ga mai koyon Turanci a kan wannan furuci, daga ma'anarsa da nahawunsa har zuwa inda ya dace a sa shi da inda bai dace ba.

Mece ce ma'anar "limber up"?

Ma'anarsa ta farko ita ce mutum ya mimmiƙe gaɓoɓinsa, ya lanƙwasa su, ya jujjuya su a hankali, domin jikinsa ya yi laushi ya saki kafin ya shiga wani aiki mai buƙatar ƙarfi ko zafin nama, kamar gudu, ƙwallon ƙafa, iyo, rawa ko dambe. Idan aka ce "The runners limbered up before the race", ana nufin 'yan tseren sun mimmiƙe jikinsu sun warware shi kafin a fara tseren.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne cewa furucin yana kallon halin da ake so jiki ya kai gare shi, wato laushi da sauƙin lanƙwasuwa, domin kalmar "limber" ita kaɗai sifa ce da ke nufin abu mai lanƙwasuwa ba tare da ya karye ko ya tsage ba. Busasshen ƙirgi idan aka naɗe shi da ƙarfi tsagewa yake yi, amma fatar da majemi ya jiƙa ya murza tana bin hannu duk inda aka juya ta, kuma wannan sauyi daga tauri zuwa laushi shi ne ainihin abin da "limber up" yake bayyanawa game da jikin ɗan wasa.

Me ya sa ake haɗa kalmomi biyu, kuma mene ne aikin "up" a ciki?

Masana nahawun Turanci suna kiran irin wannan haɗi "phrasal verb", wato aikatau da ke tafe da wata ƙaramar kalma irin su "up", "out", "off" ko "down", su biyun su ba da ma'ana guda. Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne su fassara kowace kalma daban, su ɗauka cewa tunda "up" tana nufin sama, to dole akwai ɗaga hannu ko miƙewa tsaye a cikin lamarin. Babu wannan sharaɗi ko kaɗan, domin mutum yana iya yin "limber up" yana zaune a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ko ma yana kwance rigingine.

A nan "up" tana nuna cikar aiki ne, wato a kai shi inda ake so ya kai. Mai jin Hausa yana da hanyar gane wannan fiye da masu jin wasu harsuna da yawa, saboda Hausa ma tana yin haka, sai dai ita tana sauya ƙarshen aikatau ne maimakon ta ƙara wata kalma. Bambancin da ke tsakanin "ya ci tuwo" da "ya cinye tuwo", ko tsakanin "ya sha kunu" da "ya shanye kunu", shi ne bambancin da Bature yake yi tsakanin "eat" da "eat up", da kuma "drink" da "drink up". Haka nan idan ɗan kasuwa ya saye hatsin da ke kasuwa, ba saya kawai ya yi ba, a Turanci "buy up" za a ce. To, "limber up" yana cikin wannan sahu: a yi ta motsa gaɓoɓi har jiki ya gama sakewa, ya zama a shirye.

Yaya ake furta shi?

Ana furta harafin "b" da ke cikin "limber" sarai, kamar yadda ake furta shi a "timber" da "member" da "number". Wannan yana da muhimmanci domin kalmomin da suka yi kama da ita a rubuce, irin su "limb" da "climber" da "plumber", ba a furta "b" ɗinsu, kuma irin wannan tarko na harafin da ake rubutawa ba a furtawa yana cikin abubuwan da ake gwada ɗalibai a kansu a sashen furuci na jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO.

Idan Baturen kudancin Ingila ya faɗi "limber" ita kaɗai, ba a jin "r" ta ƙarshe, sai a ji kamar "limba". Amma da zarar "up" ta biyo baya sai "r" ɗin ta fito ta haɗe kalmomin biyu, a ji kamar "limba-rap", kuma nauyin murya ya fi sauka a kan kalma ta biyu. Amurkawa kuwa suna furta "r" ɗin a kowane hali. Ga mai jin Hausa akwai ƙarin abin lura a kan "p" ta ƙarshe, domin harshenmu yakan ja ta zuwa "f", alhali kuwa "up" da "off" kalmomi ne daban da ke sauya ma'anar aikatau gaba ɗaya, saboda haka sai a rufe leɓɓa sosai a ƙarshen furucin.

Yaya ake sarrafa shi a lokuta daban-daban?

Aikatau ne mai bin ƙa'ida, kuma kalmar farko kaɗai ke sauyawa: "limber up", "limbers up", "limbered up", "limbering up". Ba a ninka "r" kamar yadda ake yi a "preferred" ko "referred", saboda a "limber" nauyin murya yana kan gaɓar farko ne. Wanda ya rubuta "limberred" ko "limber upped" ya yi kuskure.

Shin yana ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa? Idan yana ɗauka, a ina ake sa shi?

Yana zuwa ta hanyoyi biyu. Mafi yawan lokuta ƙi-karɓau ne, wato jimlar tana cika ba tare da an ambaci abin da aikin ya faɗa wa ba, kamar "The dancers are limbering up", ma'ana masu rawa suna warware jikinsu. Ba a buƙatar ƙara "their bodies" ko "themselves", domin furucin ya riga ya ƙunshi jikin mai yin aikin, kuma ƙarin yakan sa jimlar ta yi nauyi a kunnen mai harshen.

Yana kuma zuwa a matsayin so-karɓau idan ana son a ware wata gaɓa ta musamman, ko kuma idan wani abu ne yake sa jikin ya saki. A wannan hali, idan karɓau ɗin suna ne, ana iya sa shi bayan "up" ko kuma a tsakanin kalmomin biyu, duka daidai ne: "She limbered up her fingers" da "She limbered her fingers up" duk suna nufin ta warware yatsunta. Amma idan wakilin suna ne, irin su "it", "them", "him" ko "us", to wuri ɗaya kawai gare shi, wato tsakiya. Ana cewa "She limbered them up", ba a taɓa cewa "She limbered up them". Wannan ƙa'ida ba ta wannan aikatau kaɗai ba ce, ita ce ke aiki a "pick it up" da "turn it off" da duk danginsu masu rabuwa, kuma wanda ya riƙe ta a nan ya huta da ita a wurare masu yawa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya danganci salo: idan karɓau ɗin dogo ne, ya fi kyau a bar kalmomin biyu a manne, a sa shi a bayansu. "He limbered up the muscles of his lower back and shoulders" ya fi daɗin ji a kan a jefa "up" can ƙarshen jimla, inda mai sauraro zai riga ya manta da aikatau ɗin da take rakiya.

Waɗanne kalmomi ne suka fi biyo bayansa?

Uku ne suka fi yawa. "For" tana nuna abin da ake shiryawa, kamar "limbering up for the final", wato ana shirin wasan ƙarshe. "Before" tana nuna lokaci kawai, kamar "limber up before you swim", wato ka warware jikinka kafin ka shiga iyo. "With" kuwa tana nuna irin motsin da aka yi amfani da shi, kamar "They limbered up with a few stretches". Ana kuma iya sa "by" idan aikatau mai "-ing" zai biyo, kamar "He limbered up by swinging his arms", ma'ana ya warware jiki ta hanyar lilo da hannuwansa.

Idan ana son a siffanta motsin kansa, siffar da aka saba da ita ita ce "limbering-up exercises", da ɗan layi a tsakani. Ba a saba mayar da furucin suna kai tsaye ba kamar yadda ake yi wa ɗan'uwansa a ce "a warm-up", saboda haka wanda yake buƙatar kalmar suna gara ya ɗauki "warm-up".

Mene ne bambancinsa da "warm up"?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. A filin wasa sukan haɗu a kan abu ɗaya, har mai sharhi ya yi amfani da kowanne a madadin ɗayan ba tare da wani ya ce ya yi kuskure ba, amma abin da kowannensu yake kallo daban ne. "Warm up" yana kallon ɗumi: a yi sassarfa, a yi tsalle-tsalle, zuciya ta ƙara bugawa, jini ya gudana, gumi ya fara tsatsafowa. "Limber up" yana kallon laushin gaɓoɓi da tsoka: a karkata wuya dama da hagu, a jujjuya kafaɗu da ƙugu, a kama ƙafa ta baya a jawo diddige zuwa mazaunai, a sunkuya a taɓa yatsun ƙafa.

Wanda ya isa filin ƙwallo rabin sa'a kafin a busa usur zai ga duka biyun da idonsa. 'Yan wasa za su fito su jera biyu-biyu suna sassarfa tsakanin alamomin roba da mai horarwa ya jera a kan ciyawa, suna ba juna ƙwallo gajere-gajere, wannan duka "warming up" ne. Can gefe kuma mai tsaron gida ya zauna ya buɗe ƙafafu, yana miƙa hannu zuwa ƙafar dama sannan ta hagu, wani ɗan baya kuma ya dafa kafaɗar abokinsa yana lilo da ƙafa ɗaya gaba da baya. Idan mai sharhi yana son ya zana wannan hoto na biyu daidai, "limbering up" zai ce. Ana iya cewa na biyun wani sashe ne na na farkon, shi ya sa duk inda aka ce "limber up" a fagen wasa ana iya musanya shi da "warm up" ba a yi asara mai yawa ba.

Sai dai musanyar ba ta tafiya ta ɗaya ɓangaren, domin "warm up" yana da faɗin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Da shi ake ɗumama miyar jiya, da shi ake barin injin mota ya yi zafi da safiyar hunturu, da shi ake faɗin cewa gari ya fara ɗumi, kuma da shi ake bayyana aikin mai barkwancin da ke fara fitowa ya sa 'yan kallo su saki jiki kafin babban mai wasa ya hau dandamali. Ba a yi wa miya "limber up", kuma wanda ya faɗi haka dariya za a yi masa.

To "stretch" da "loosen up" fa?

"Stretch" sunan motsin ne kawai, wato miƙa gaɓa, ba ruwansa da dalili ko lokaci. Mutumin da ya farka daga barci ya yi miƙa ya yi hamma, "stretch" ya yi, amma ba za a ce ya yi "limber up" ba sai idan yana shirin wani aiki ne, domin shi wannan furuci kullum yana hango abin da ke tafe. Haka kuma miƙar da ake yi bayan an gama wasa ba ta shiga cikinsa.

"Loosen up" ya fi kusa da shi a ma'anar jiki, kuma a nan kusan abu ɗaya suke nufi. Bambancin yana fitowa ne idan aka bar fagen wasa, inda "loosen up" yake nufin mutum ya saki jiki da mutane, ya daina ɗari-ɗari. Idan aka ce wa baƙon da ya takure a gefen taro "loosen up", ana nufin ya sake ne ya shiga hira. Idan aka ce masa "limber up", sai ya yi zaton za a sa shi tsere.

Ana amfani da shi a wajen wasanni?

Ana yi, kuma a rubuce ma wataƙila a nan ne mai karatu zai fi haɗuwa da shi. Mataki na farko shi ne na masu sana'ar da ke buƙatar sakakkun gaɓoɓi ko da ba wasan motsa jiki suke yi ba, kamar makaɗin fiyano ko mai jita da ke bin sautuka sama da ƙasa domin yatsunsa su saki kafin ya fara kiɗa. Daga nan sai aka ɗauke shi zuwa ƙwaƙwalwa, a ce wani yana warware wasan cike gurbin kalmomi na jarida da safe "to limber up his mind", wato domin tunaninsa ya wartsake kafin ya fuskanci aikin yini.

Mataki na uku shi ne na siyasa da kasuwanci, kuma 'yan jaridar Birtaniya suna ƙaunarsa ƙwarai. Idan aka rubuta cewa jam'iyyu suna "limbering up for the election", ba ana nufin shugabanninsu sun fito da gajeren wando ba ne, ana nufin sun fara share fage da ɗaura ɗamara tun ba a buga gangar zaɓe ba. Haka ake faɗa game da ministan da ya fara yawan jawabai da ziyarce-ziyarce alhali kowa ya san kujerar shugaban jam'iyya yake hange, ko kamfanoni biyu da ke shirin shiga kotu. A irin wannan amfani sau da yawa akwai ɗan zolaya a ɓoye, domin marubucin yana nuna cewa mutumin bai fito fili ya ce zai yi takara ba, amma take-takensa sun riga sun tona shi. Wanda zai fassara irin wannan labari zuwa Hausa ya kamata ya kula da wannan zolayar, kada ta zube a hanya.

An ce yana da wata ma'ana ta soja. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ma'ana ce da ta fito daga wata kalma daban mai rubutu iri ɗaya. A zamanin da dawaki ke jan igwa, akwai wani ƙaramin keke mai ƙafa biyu da ake sa wa tsakanin dawakin da igwar, wanda galibi yake ɗauke da akwatin harsasai, a kuma maƙala gindin igwar a jikinsa. Sunan wannan keke "limber". Saboda haka a bakin sojan igwa, "limber up" yana nufin a maƙala igwa a kekenta domin a tashi, kishiyarsa kuma "unlimber", wato a kwance ta a girka domin a fara harbi. Mai karanta tarihin yaƙe-yaƙen Napoleon, ko yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ko Yaƙin Duniya na Ɗaya, idan ya ga an ce "the battery limbered up", inda "battery" ke nufin rukunin sojan igwa, to ba miƙa sojojin suka tsaya yi ba a tsakiyar ruwan wuta, haɗa kayansu suka yi za su sauya wuri.

Har yau ana iya ganin wannan keke a Landan, wurin rundunar bukukuwa da ake kira King's Troop, Royal Horse Artillery, wadda ke jan igwogin zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya da dawaki shida-shida a lokutan harbin girmamawa. Keken igwa na wannan runduna ne ya ɗauki akwatin gawar Sarauniya Elizabeth ta Biyu daga Fadar Buckingham zuwa zauren Westminster ranar 14 ga Satumba, 2022. A maganar yau da kullum dai wannan ma'ana ta zama ta littattafan tarihi, kuma jimlar da furucin ya fito a ciki ita ce za ta nuna wacce ake nufi.

Daga ina kalmar ta samo asali?

Sifar "limber" mai nufin abu mai lanƙwasuwa ta bayyana a rubutun Turanci tun ƙarni na 16, aikatau ɗin da aka ciro daga gare ta kuma ya biyo baya a ƙarni na 18. Masana asalin kalmomi ba su haɗu a kan tushenta ba: wasu suna danganta ta da "limb", wato gaɓa ko reshen itace, wasu kuma suna ganin ta fito ne daga sunan sandunan keken doki da ke lilo sama da ƙasa idan ana tafiya, wanda shi ne tushen kalmar sojan da aka ambata a sama.

Wace kalma ce ta fi dacewa da shi a Hausa?

Babu kalma guda da za ta ɗauke shi a ko'ina, kuma neman ta ɓata lokaci ne. "Motsa jiki" ya yi faɗi da yawa, domin ya haɗa har da gudun kansa da ɗaga ƙarfe da duk wani atisaye. "Ɗumama jiki" ya fi dacewa da "warm up". "Miƙa" ita kaɗai tana kawo hoton mai tashi daga barci. Abin da ya fi kusa a fagen wasa shi ne "warware jiki" ko "mimmiƙe gaɓoɓi", kuma ninkin da ke cikin "mimmiƙe" yana da amfani domin yana nuna cewa gaɓa bayan gaɓa ake bi, ba sau ɗaya ake yi a daina ba.

Aikin kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Ɗan damben da aka gama naɗa wa hannu yakan fito gefen fage yana girgiza kafaɗu, yana karya wuya, yana tuma a kan yatsun ƙafa yana kai naushi a iska yayin da makaɗa ke zuga shi, kuma Baturen da ke kallo zai ce "he is limbering up" ba tare da ya yi shakka ba. A ma'anar siyasa kuwa, fassarar da za ta zauna daram ita ce "share fage", "ɗaura ɗamara" ko "wasa wuƙa", gwargwadon zafin da labarin yake ɗauke da shi. Ga masu karatu a Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi makaranta da Faransanci, bambancin da ke tsakanin "s'échauffer" da "s'assouplir" shi ne kusan bambancin da ke tsakanin "warm up" da "limber up".

Shin furucin yana nufin wani nau'in miƙa na musamman, kuma miƙar tana hana rauni?

Furucin bai ware nau'i ba, kalma ce ta gama-gari, ba ta likitoci ko masu bincike ba. Su masana harkar wasanni suna raba miƙa gida biyu: wadda ake kai gaɓa wani matsayi a riƙe ta cik na wasu daƙiƙoƙi, da wadda ake yi cikin motsi, kamar lilo da ƙafa, tafiya ana durƙusawa da ƙafa ɗaya, ko juya hannuwa. Bincike ya nuna cewa riƙe tsoka a miƙe na tsawon lokaci, musamman abin da ya haura minti 1, yana iya rage mata ƙarfi kaɗan na ɗan lokaci, kuma miƙar da ake riƙewa cik ita kaɗai ba ta nuna wani babban tasiri wajen hana rauni ba. Shi ya sa masu horarwa na yanzu suka fi karkata ga a fara da sassarfa, sannan a bi da miƙa mai motsi.

Misalin da ya shahara shi ne tsarin FIFA 11+, wanda aka fito da shi a 2006, mai ɗaukar kimanin minti 20, wanda ya haɗa gudu da ƙarfafa tsoka da koyon daidaita tsayuwa da saukowa daga tsalle. Gwajin da aka yi a Norway a kan 'yan mata matasa masu buga ƙwallo, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna raguwar raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma wani gwajin da aka yi a Legas a kan samari 'yan ƙwallo, wanda ya fito a 2014, shi ma ya sami raguwa mai yawa. Abin lura ta fuskar harshe shi ne cewa irin waɗannan rubuce-rubuce na masana "warm-up" suke kiran tsarin, domin abin da ke cikinsa ya wuce sassauta gaɓoɓi.

Ya dace in yi amfani da shi a rubutun jarrabawa da maganar yau da kullum?

Ya dace, domin ba kalmar 'yan tasha ba ce, ba kuma ta manyan littattafai kaɗai ba, tana tsaka-tsaki. A insha'in jarrabawa, idan ana ba da labarin gasar wasanni ta makaranta, jimla irin "The athletes were limbering up beside the track" za ta nuna wa mai duba takarda cewa ɗalibin ya san kalmar da ta dace da abin da yake zanawa. Amma kada a cusa ta inda ba a buƙata don kawai a burge, kuma a rubutun ilimi na fannin lafiya ko horar da 'yan wasa ya fi kyau a faɗi ainihin irin motsin da ake nufi.

A magana kuwa sai a duba wanda ake yi wa. A filayen ƙwallon Najeriya "warm up" ne ya zauna a bakin kowa, daga mai horarwa har yaran da ke tsince ƙwallo, kuma wanda ya tsaya a gaban 'yan wasan unguwa ya ce musu "limber up" zai iya ganin sun tsaya suna kallon juna. Sanin furucin ya fi amfani wajen fahimtar abin da aka ji ko aka karanta, da kuma wajen rubutu.

Da waɗanne kalmomi ake yawan rikita shi?

Babbar mai rikitarwa ita ce "lumber", wadda harafi ɗaya ne ya raba su amma ma'anarsu ta yi hannun riga. A matsayin aikatau, "lumber" tana nufin tafiya da nauyi, ana jan jiki kamar giwa ko babbar motar da aka yi wa lodi fiye da kima, a Amurka kuma a matsayin suna tana nufin katakon gini. Saboda haka "He lumbered up the stairs" yana nufin ya hau matakala da ƙyar yana jan ƙafa, kuma "up" ɗin da ke nan ita ce mai nufin sama ta gaskiya. Akwai kuma "lumbar", kalmar likitoci da ke nufin abin da ya shafi ƙasan baya, wadda takan fito a rubutu ɗaya da "limber up" idan ana maganar ciwon baya, sai ido ya zame daga ɗaya zuwa ɗaya.

Idan "limber up" na kafin wasa ne, me ake cewa game da na bayan wasa?

Ba a saba cewa "limber down" ba. Motsin da ake yi a hankali bayan an gama gudu ko wasa, domin numfashi ya daidaita jiki ya huce, ana kiransa "cool down", a Birtaniya kuma ana jin "warm down" a bakin 'yan wasa da masu horar da su. Dukansu ana iya mayar da su suna ta hanyar sa ɗan layi a tsakani, a ce "a ten-minute cool-down", wato motsin hucewa na minti 10.